Tambaya da Amsa: Ƙera Mariƙin Aiki Domin Ƙaramin Injin Huda

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Kaduna, ina da shago da yara uku masu koyon aiki. Bara na sayi ƙaramin injin huda na kan tebur, irin mai bel da fuli, wanda ke ɗaukar bakin diril har zuwa milimita 13. Yawancin aikinmu da shi huda filat ne, wato shimfiɗaɗɗiyar sandar ƙarfe, mai faɗin milimita 40 da kaurin milimita 6. Mukan yanka shi tsawon santimita 15, mu yi masa huji biyu na milimita 10, kowanne santimita biyu da rabi daga ƙarshe, domin maƙalan ƙofofi da tagogi, kuma a rana mukan huda ɗari ko fiye. Makonni uku da suka wuce ƙarfen ya ƙwace daga hannun ɗaya daga cikin yaran daidai lokacin da bakin ke ɓullewa, ya juyo ya tsaga masa tafin hannu, sai da aka yi masa ɗinki. Na ce su riƙa kamawa da filaya, jiya kuma filayar ma ta ƙwace. Ina da ji-kilam guda biyu, wato abin matse aiki mai siffar harafin G da ake murɗawa, amma idan ba na nan ba sa ɗaurawa, wai yana cin lokaci. Wane irin mariƙi zan ƙera da kaina wanda zai raba mu da wannan haɗari?

Daga wani mai walda, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaron lafiya, ya kuma kiyaye gaba. Zan fara da kukan da yaranka suka yi na cin lokaci, domin ko da yake bai isa ya zama hujjar riƙe ƙarfe da hannu ba, akwai gaskiya a cikinsa wadda mai ƙira bai kamata ya kau da kai daga gare ta ba. Hujin da ake gamawa cikin daƙiƙa ashirin, idan ɗaure shi da kwance shi yana cin minti guda, to ko kana tsaye a kansu zuciyarsu tana kan yadda za su tsallake ɗaurin, kuma ranar da ka tafi kasuwa kilam ɗin zai koma ƙarƙashin tebur. Saboda haka mariƙin da za mu zana dole ne aiki da shi ya fi aiki da hannu sauri, ba a ce ya fi shi aminci kawai ba.

Ya kamata kuma ka san abin da hannun yaron ya yi kokawa da shi. Irin wannan injin yawanci motarsa ba ta wuce rabin ƙarfin doki ba, wato wajen wat 370, kuma idan bel yana kan matakin da ya fi jinkiri yakan yi juyi kusan 600 a minti. A wannan gudun, ƙarfin murɗin da ke kan bakin diril ya yi daidai da a rataya kilo 6 a ƙarshen sufana mai tsawon santimita 10. Wanda ya kama ƙarfen a tazarar santimita 5 daga hujin, da kilo 12 yake kokawa, shi ya sa guntun ƙarfe ya fi dogo wuyar riƙewa, ko da yake ido yana raina shi. Wannan lissafin na lokacin da injin ke tafiya lami lafiya ne. Idan bakin ya cije, motar takan ba da kusan ninki biyu kafin ta tsaya, ga kuma nauyin fuli da cok, wato abin da ke riƙe bakin diril, da ke cikin gudu, duk su sauka a hannu lokaci guda. Juyi 600 a minti juyi goma ne a daƙiƙa, mutum kuwa yakan ɗauki kimanin rubu'in daƙiƙa kafin ya janye hannu daga abin da ya gani, ke nan ƙarfen ya zagayo sau biyu ko uku kafin yaron ya ankara. Ba sakaci ne ya sa ya kasa gocewa ba, babu mai zafin naman da zai iya.

Dalilin da ya sa abin ke faruwa a ƙarshen huji yana cikin ƙirar bakin kansa. Bakin diril mai murɗaɗɗen kwari da kowa ke amfani da shi yau, wanda Stephen Morse ya yi wa rajista a Amurka a 1863, yana da ɗan dakusasshen tsini a tsakiya wanda ba ya yanka sosai, turawa yake yi, kuma shi ne ke cin mafi yawan ƙarfin da mai aiki ke dannawa da shi. Da zarar wannan tsinin ya leƙa ta ƙasa, turjiyar sai ta ragu nan take, hannun da ke danne da ƙarfi ya zarce, kaifin bakin guda biyu su kama siririn ƙarfen da ya rage a gefen hujin. Daga nan bakin ya daina yanka, ya koma kamar sukuru, ƙarfen kuma ya zama notinsa: yana hawa sama ta kwarin bakin, yana kuma juyawa tare da shi.

Ka ga ke nan motsi biyu ne muke son hanawa, juyawa da ɗagowa, kuma kuskuren da na fi gani a shaguna shi ne a ɗora wa abu ɗaya aikin biyu. Abin da ke hana juyawa shi ne matokari, wato wani abu kafaffe da ƙarfen zai jingina da shi tun kafin a kunna injin. Abin da ke hana ɗagowa shi ne mamatsi, mai danne ƙarfen ƙasa. Wanda ya dogara da matsi kaɗai wajen hana juyawa ya dogara ne da gogayyar ƙarfe da ƙarfe, ita kuwa ba ta da tabbas, domin idan akwai mai a tsakani abin da take riƙewa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin matsin ba, sannan girgizar injin tana sassauta ɗauri, yaron da ya ɗaure na farko da ƙarfinsa kuma ba haka zai ɗaure na tamanin ba. Matokari ba ruwansa da gajiyar kowa.

Kafin ka yanka komai, tsaya gaban injin ka lura da yadda yake juyawa. Idan an dube shi daga sama, yana bin hanyar hannun agogo ne, don haka ƙarshen ƙarfen da ke hagunka baya zai nufa, wajen ginshiƙin injin, wanda ke damanka kuma cikinka zai nufo. Wannan ne ya sa tsofaffin masu aiki ke jingina doguwar sanda da gefen hagu na ginshiƙi, kuma shi ne zai nuna mana inda za mu kafa matokari: a bayan ƙarfen, ta hagu, nesa da hujin gwargwadon yadda tsawon ƙarfen ya bari. Dogon ɓangaren filat ɗin kullum ya kasance a hagu, gajeren a dama. Idan aka juya wannan tsari, matokarin bai tare komai ba, dogon ɓangaren zai rabu da shi ya yiwo kan mai aiki.

Nemi farantin ƙarfe mai kaurin milimita 10, faɗi santimita 25, zurfi santimita 20, wanda ba za ka rasa a kasuwar Panteka ba, ka tabbata bai lanƙwashe ba ta hanyar ɗora masa rula ta fuska biyu. Shi ne gindin mariƙin, kuma a kansa za a kafa komai, ba a kan teburin injin ba, saboda teburan ƙananan injina zubin ƙarfe ne siriri wanda matsi mai yawa a wuri guda kan iya tsagawa. Yi alamar inda bakin diril zai sauka, kamar santimita 6 daga gefen dama da santimita 5 daga gefen baya, ka huda shi da bakin milimita 13 domin bakin aiki ya samu wurin wucewa, ɓarɓashi kuma ya zube ta hujin tsakiyar tebur. Sai ka ƙara wani hujin na milimita 13 a santimita 10 daga na farko ta hagu. Amfaninsa shi ne, idan an gama hujin farko aka juya filat ɗin domin na biyu, kaifin da ya taso a ƙarƙashin hujin farko zai faɗa cikinsa, ƙarfen ya kwanta daram maimakon ya ɗage a kan ƙaya.

Matokaran guda uku ne, kuma fegi ne na rodi mai kaurin milimita 10, kowanne ya fito sama da faranti da kamar milimita 12. Biyu suna baya, tsakiyarsu milimita 25 daga layin huji, wato rabin faɗin filat da rabin kaurin fegin. Ɗaya a santimita 11 ta hagu, ɗaya kuma dab da hujin ta dama kaɗan. Na ukun yana dama, a kan layin huji, tsakiyarsa milimita 30 daga inda bakin ke sauka, shi ne ƙarshen filat zai tokara. Ka huda farantin, ka buga fegin, ka like shi da walda daga ƙasa, sannan ka goge waldar ta yi daidai da fuskar faranti. Na zaɓi fegi biyu maimakon dogon angul, wato ƙarfe mai kusurwa kamar harafin L, saboda filat ɗin kasuwa ba kasafai gefensa ke miƙewa sosai ba, a jikin dogon angul zai riƙa lilo, kuma ɓarɓashi yakan maƙale a kusurwar angul ya ture aikin ba tare da kowa ya lura ba. A wuri biyu kuwa ko karkataccen ƙarfe yana zama. Wannan ita ce ƙa'idar da masu ƙera mariƙi a masana'antu ke bi, wuri uku a ƙasa, biyu a gefe, ɗaya a ƙarshe, sai dai a nan fuskar farantin ce ta tsaya a madadin ukun. Fegin hagu da ke santimita 11 nauyin da zai tara bai fi kilo 6 ba a aikin yau da kullum, abin da rodin milimita 10 ba zai ma ji ba.

Mamatsin shi ne wurin da ya kamata ka fi ba lokaci. Yanki filat mai faɗin milimita 40, kaurin milimita 12, tsawon santimita 13. Kada ka yi amfani da ragowar mai kaurin 6 ɗin da ke shago, zai lanƙwashe tun a makon farko. Zai kwanta ne daga gabanka zuwa baya, hancinsa a kan tsakiyar aikin, kamar santimita 5 ta hagun hujin, dugadugansa kuma a wajenka. A santimita 4 daga hancin ka yi hujin milimita 11 inda dogon bol na milimita 10 zai ratsa. Bol ɗin ana kafa shi a faranti ne, ko dai ka huda milimita 8.5 ka yanka tiredi, wato murɗin da bol ke bi ya shiga, da taf ɗin da ake yanka shi da shi, ko ka like shi da walda daga ƙasa kamar fegin. A santimita 8 daga bol ɗin, wajen dugadugi, ka yanka tiredi ka sa wani guntun bol wanda ƙarshensa zai taka faranti, shi ne za ka riƙa murɗawa har mamatsin ya kwanta daidai, ko dugadugin ya ɗara hancin tsawo da ɗan kaɗan. Idan dugadugin ya yi ƙasa, hancin zai ɗaga, ya zama gefen aikin kawai yake dannewa.

Wannan tazara ta 4 da 8 ba ado ba ce. Ƙarfin bol yana rabuwa tsakanin hanci da dugadugi, kuma wanda ya fi kusa da bol shi ke samun kaso mafi yawa: a wannan tsari kashi biyu cikin uku yana kan aikin, ɗaya yana kan dugadugi. Na sha ganin an sa bol kusa da dugadugi, mai aiki yana ta nishi da sufana, alhali tebur yake matsewa, aikin kuma yana rawa. Game da saurin da muka yi alkawari, abu biyu ne za su kawo shi. Na farko, ka zura sifirin a jikin bol ɗin tsakanin faranti da mamatsi, ko da tsohon sifirin bawul na babur ne, domin da an sassauta noti mamatsin ya ɗaga da kansa. Na biyu, ka like wa notin hannu na rodi mai tsawon santimita 10, ka sa washa mai kauri a ƙarƙashinsa, yadda ba sai an nemi sufana lamba 17 ba. Tiredin wannan bol yana tafiya milimita ɗaya da rabi a kowane zagaye, don haka rabin zagaye ya isa a saki aiki. Kada ka tsawaita hannun. Kilo 10 a ƙarshen santimita 10 yana jan bol ɗin da kusan kilo 500, fiye da 300 daga ciki a kan aikin, kuma hakan ya wadatar. Ka daidaita notin yadda idan ya ɗaure hannun zai kalli hagu ko wajenka, ba wajen bakin diril ba.

Yaron zai zuro filat daga hagu ta ƙarƙashin mamatsi har ya tokari fegin dama, ya tura shi baya ya taɓa fegi biyu, ya ja hannun noti, shi ke nan. Babu awo, babu zane, babu neman tsakiya, kuma a nan ne za ka ci su da hujja, domin lokacin da suke ɓatawa wajen auna kowane ƙarfe ya fi na jan noti yawa.

Saura ɗaure mariƙin da tebur. Bol biyu na milimita 10 ta cikin tsagar teburin, da washa masu faɗi a ƙasa, a wuraren da ba za su tare hanyar aikin ba. Kada ka ɗaure su tukuna. Auna filat ɗaya da kyau, ka buga masa alamar tsakiya, ka ɗaure shi a mariƙin, sannan ka riƙa gusa farantin gaba ɗaya har tsinin bakin ya sauka a kan alamar, sai ka ɗaure bol ɗin ka kuma ɗaure teburin a jikin ginshiƙi. Bayan hujin gwaji, zare filogi daga wuta, ka sauke bakin cikin hujin, ka sa sukurudireba ka yi ƙoƙarin ɓanɓaro aikin sama, ka kuma buge shi da hannun guduma ta gefe. Idan ya motsa ko kaɗan, gyara ya rage. Injin kansa ma a ɗaure shi da bencin aiki ta hujojin gindinsa, domin kansa ya fi gindinsa nauyi.

Mariƙi ba zai gyara dakusasshen baki ko gudun da bai dace ba. Ga ƙarfe mai laushi irin na filat, bakin milimita 10 yana son juyi wajen 800 a minti ko ƙasa da haka, na milimita 13 kuma wajen 600, saboda haka bel ɗinka ya zauna a matakin da ya fi jinkiri. Idan injin yana nishi, a fara da bakin milimita 3 ko 4 a kan duka ƙarafan, sannan a bi da na 10, amma kada a yi hujin farko mai faɗi kamar 8, domin hakan yana sa babban bakin cijewa tun daga sama. A ɗiga mai, kuma a koya wa yaran su saurari injin: idan sautin ya sauya, hannun ya yi sauƙi, tsini ya kusa fita ke nan, sai a rage dannawa maimakon a ƙara. A kashe injin kafin a sauya aiki, a share ɓarɓashi da burushi, ba da yatsa ko tsumma ba.

TAMBAYA: Ni malama ce a wata makarantar koyon sana'a a jihar Katsina. Ɗalibaina, maza da mata, suna huda fallen ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya da kuma katako, kuma kowane aiki da girmansa, don haka mariƙin abu ɗaya ba zai yi mana ba. Fallen ne ya fi ba ni tsoro, domin yakan ɗago ya yi ta wulwulawa kamar wuƙa. Me za mu yi?

AMSA: Malama, tsoronki yana kan hanya, domin falle ya fi kowane aiki saurin cijewa. Bakin diril na yau da kullum ana wasa shi a kusurwar digiri 118, abin da ke sa tsawon tsininsa ya kai kusan kashi uku cikin goma na kaurinsa. Bakin milimita 8 ke nan tsininsa ya haura milimita 2, ya fi kaurin fallenki, don haka yana ɓullewa ta ƙasa tun gefunansa ba su shiga ba, babu bangon hujin da zai yi masa jagora. Sakamakon shi ne huji mai kusurwa uku da falle mai hawa baki.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne a sa fallen tsakanin katako biyu, na ƙasa mai kauri, na sama siriri, a matse ukun tare a huda su gaba ɗaya. Na sama yana danne fallen har gefen hujin, inda babu kilam ɗin da zai iya kaiwa. Idan makaranta za ta iya sayen bakin nan mai hawa-hawa kamar matakala, wanda kwarinsa a miƙe yake a mafi yawan ƙira, ya fi dacewa da falle, tunda ba shi da murɗin da zai ja aikin sama.

Domin aiki mai girma dabam-dabam, ki sa kafinta ya haɗa filawud biyu masu kaurin milimita 18, faɗi kamar santimita 45 da zurfi 30, a ɗaure su a kan teburin injin da bol daga ƙasa, kawunan a nutse cikin katako. A tsakiya a yanke gurbi mai kusurwa huɗu a filawud na sama, a sa guntun katakon da za a riƙa sauyawa idan ya cika huji. A baya a sa majingina ta katako mai ƙarfi wadda ke gusawa gaba da baya cikin tsaga biyu, a ɗaga ta da washa kamar milimita 3 domin ƙura ta wuce ta ƙasa, amma idan falle za a huda a cire washar, kada ya zame ta ƙarƙashinta. Majinginar ita ce matokarinku, kuma dogon ɓangaren aiki ya kasance ta hagu kamar yadda na bayyana wa mai tambayar farko.

Wajen matsi, ga ɗalibai na fi son kilam mai hannu wanda ake turawa sau ɗaya ya kulle, irin da wani kamfanin Detroit ya yi wa rajista a 1936. Gaɓoɓinsa suna wuce layin tsakiya kaɗan idan an danna, shi ya sa turi daga ƙasa ba ya buɗe shi, kuma daga nesa za ki gane ko an kulle ko ba a kulle ba, abin da noti ba zai nuna miki ba. Aibinsa shi ne kauri ɗaya yake kamawa. Idan aiki ya sauya dole a sake daidaita bol ɗin da ke bakinsa, in ba haka ba hannun zai kulle alhali bai danne komai ba. Ki mai da wannan daidaitawa darasin farko. Guda biyu, ɗaya a kowane gefen baki, a kan guntayen katakon da ke gusawa, za su isa.

Akwai abu biyu da mariƙi ba ya tarewa, kuma a aji sun fi muhimmanci. Cok mai juyawa yana naɗe duk abin da ya taɓa shi, don haka babu safar hannu, babu zobe ko agogo, babu hannun kaftani a sake, kuma 'yan mata su cusa hijabi ko mayafi cikin rigar aiki mai maɓalli. Tabarau na kariya wajibi ne, sannan a sa wa cok ɗin murfinsa na roba mai haske. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ma ta wajabta killace sassan injina masu haɗari. Na biyu, ki duba makunnin injin. Idan irin na fitila ne wanda ke zama a kunne, to duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita injin zai tashi da kansa, wataƙila hannun ɗalibi yana kan baki ko makullin cok yana ciki. Mai gyaran wuta zai iya sa miki makunni mai maɓalli kore da ja, wanda ke sakin kansa da zarar wuta ta yanke, ba ya kuma tashi sai an sake dannawa.

TAMBAYA: Ni ɗan koyo ne a Maraɗi, muna yin rumfunan biki da fayif mai zagaye. Idan na sa fayif a bais, wato matsewar ƙarfe mai leɓe biyu, sai ya mirgina, bakin ya zame ya karye, wani lokaci kuma bais ɗin gaba ɗaya ya juya. Maigidana ya ce in riƙe bais ɗin da kyau.

AMSA: Ƙanena, ka gaishe da maigidanka, ka kuma nuna masa wannan shafi cikin ladabi. Bais da ba a ɗaure da tebur ba bai hana komai ba, nauyi kawai ya ƙara wa abin da zai juyo ya buge ka. Kunnuwan nan biyu masu tsaga da ke gindinsa domin bol aka yi su, ka sa aƙalla biyu.

Fayif kuwa kwari yake so, ba leɓe mai faɗi ba. Yanki angul mai milimita 40 tsawon santimita 20, ka kwantar da shi bakinsa yana kallon sama, gadon bayansa yana kan faranti, ka tallafe shi da guntayen ƙarfe ta gefe biyu ka yi walda kaɗan-kaɗan, kana sauya gefe domin kada zafi ya ja shi. Wajen saitawa, sauke bakin diril, injin a kashe, har tsininsa ya zauna a ƙasan kwarin, sannan ka ɗaure farantin da tebur. Daga nan kowane fayif ka ɗora, babba ko ƙarami, tsakiyarsa tana ƙarƙashin baki. Ka huda ƙasan kwarin a wannan wurin domin bakin ya wuce idan hujin na ratsawa ne. Mamatsi ya gitta ta saman fayif kusa da hujin, da bol ɗaya a kowane gefe, a manna masa guntun katako ko robar taya domin kada ya lotsa fayif mai siririn jiki. Buga alamar tsakiya kafin ka fara, tunda bakin yana zamewa a kan zagaye, kuma ka tuna fayif yana da ɓullewa biyu, ta bangon sama da ta bangon ƙasa, a kowacce sai ka sassauta hannu. Idan fayif ɗin dogo ne, ɗora ƙarshensa a kan jaki ko benci mai tsawo daidai da kwarin, ta hagun injin, domin nauyinsa a sake yana iya ɗaga mamatsin ko ya karkatar da ƙaramin teburin.